Wani Na Riƙe Da Shi

A Maiwurno, bayan la'asar,
a ofishin ƙungiyar masu famfon ban-ruwa,
ɗaki ɗaya da rabi, da fanka mai tari,
na danna rufewa kamar kullum.

Awad ne ya saita rumbun bayanan nan
kafin aure ya ja shi Sinja:
duk sanda aka rufe shi, ya matse kansa,
ya naɗe kamar tabarmar baƙo,
ya fitar da iskar da ke tsakanin layuka.
Shekara tara bai taɓa musu ba.
Yau ɗan akwati ya fito a allo da Larabci,
wai ba zai matsu ba,
wani na riƙe da shi.

Wa?
Ni kaɗai ce, sai tsaka a bango,
sai warin gas da buhunan irin albasa.

Na kashe, na kunna. Wani na riƙe da shi.
Na ce ko wuri ne ya ƙare,
na kwashe hotunan bikin ƙanwata ɗari huɗu,
da wa'azin da ban san wa ya zuba ba.
Wuri ya samu, har a yi sukuwa.
Wani na riƙe da shi.
Na juye kwafi a filashi, na ɗaure a bakin mayafi,
don wanda ya taɓa ƙonewa da kunu
ko ruwan randa sai ya hura.

Na kira Awad. Muryarsa na zuwa guntu-guntu
kamar kisra a hannun yara.
Ya ce, Sittana, dubi gefen babban fayil,
akwai ƙarami mai sunansa, ɗan maraƙi bayan uwa,
shi ne kwaɗon. Goge shi.
Na goge. Ya ƙi gogewa.
Ya ce, to ba gawa ba ne, da ransa.
Buɗe ki ga wa ke ciki.

Suna biyu.
Nawa.
Da JATAU.

Na daɗe ina kallon haruffan nan biyar.
Baba Jatau, ma'ajinmu, da yatsa ɗaya yake bugawa,
ya lashe shi tukuna kamar zai juya takarda.
Mun kai shi makwanci da damina,
ranar da Nilu ya haura har gonar Bishara.
Da hantsin yau ɗin nan na share layinsa,
lamba talatin da bakwai, kadada biyu, ba bashi,
na raba wa magada uku.

Na tura ƙofar rabin ɗakin.
Ga tsohuwar kwamfutarsa ƙarƙashin buhu tana numfashi,
ga wayar Maikano mai shara tana cin wuta.
Yaron ya jona soket ne don cajinsa,
ita kuwa, da jin wuta, ta farka,
ta buɗe rumbun da kanta,
yadda Awad ya koya mata saboda tsoho
da ba ya gane inda ake dannawa.

Shi ke nan. Ba aljani, ba ƙwayar cuta.
Kebul ne, da yaro, da soket.

Amma allon nata bai ji labari ba.
Talatin da bakwai na nan,
an rubuta an share, an share, an share,
gurbi bayan gurbi, kamar sawu a laka.
Awad ya taɓa ce mini
abin da aka goge ba ya tafiya nan take,
wurinsa na nan har sai an matse.

Na zauna a kujerarsa mai ƙafar bulo.
Jabanata ta huce a can ɗakin.
Masu famfo suna kashe injuna ɗaya bayan ɗaya,
har na fara jin kogin.

Da aka kira magariba na rufe masa.
Ɗan maraƙin ya ɓace.
Na koma tawa, na danna.
Koren layi ya ja jiki, ya tsaya, ya ƙarasa.
Mega arba'in da takwas ta dawo sha ɗaya.

Na aika wa Awad: ya yi.
Ya turo babban yatsa.
Na cire filashin daga bakin mayafi,
na juya shi a tafin hannu,
na mayar, na ƙara ƙulli.